Ƙaramar motar gari: abin da wata ukun farko ke koya wa mai ita

Daga Yamai zuwa Maraɗi, daga Tawa zuwa Damagaram, ƙananan motoci masu shan mai kaɗan sun zama burin ma'aikacin gwamnati, da matsakaicin ɗan kasuwa, da uwargida mai fita aiki. Sai dai sayen mota daban, riƙonta daban. A wannan mako shafinmu ya duba rayuwar irin wannan mota a hannun sabon mai ita, tun daga ranar da ya karɓi makulli har ƙarshen wata na uku, lokacin da zumuɗi ya kwanta, lissafi kuma ya fito fili.

Duk wanda ya tsaya da safe a bakin gadar Kennedy a Yamai, ko kusa da babbar kasuwar Maraɗi, zai ga yadda ƙananan motoci ke kutsawa tsakanin kamiyo da kabu-kabu da amalanke. Galibin masu tuƙa su mutane ne da suka shekara da shekaru bisa babur, suna shan rana da ƙura, har Allah ya hore musu abin da za su sayi inuwa mai taya huɗu. Wani adashi ya yi, wani bashin banki ya ci, wani kuma fili ya sayar. Saboda haka maganar ƙaramar mota magana ce ta tattalin gida, domin kuskure ɗaya wajen saye ko wajen riƙo na iya cinye guzurin shekaru.

Daga Peugeot zuwa Yaris

A zamanin iyayenmu, in aka ce mota, Peugeot ake nufi: 404 da 504, waɗanda da yawansu a Kaduna aka harhaɗa su bayan buɗe masana'antar can a 1975. Motoci ne masu tsayin ƙafa, masu jure hanyar jar ƙasa. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin CFA da rabi, tamma ɗaya ta Faransa da ake saye da CFA 50 ta koma 100. Daga nan sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai kasuwa ta karkata ga motocin da Turawa suka hau suka gaji, waɗanda jama'a suka laƙaba wa suna «au revoir la France». Tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta zama babbar ƙofar shigowarsu, daga can a koro su ta Malanbil da Gaya.

Cikin waɗannan motoci babu wadda ta yi suna kamar Toyota Starlet, wadda ta daɗe tana aikin taksi mai jan kai a Yamai. Kamfanin ya daina ƙera waccan Starlet a 1999, ya maye gurbinta da wata ƙaramar mota da ake kira Vitz a Japan, Yaris a Turai. A shekara ta 2000 ƴan jaridar Turai suka zaɓe ta motar shekara, a 2001 kuma aka fara ƙera ta a Faransa, kusa da garin Valenciennes. Ke nan mota ce mai sunan Japan, amma da yawan waɗanda ke iso mana haihuwar Faransa ce, laƙabin nan ya dace da su ƙwarai.

Za mu ɗauki samfurinta na biyu, wanda aka ƙera tsakanin 2005 da 2011, a matsayin misali, domin shi ne irin wanda mai matsakaicin ƙarfi ke iya kaiwa gare shi. Tsawonta mita 3,75 ne, nauyinta kamar tan ɗaya. Mafi ƙanƙantar injinta mai silinda uku ne, girmansa bai cika lita ɗaya ba, ƙarfinsa doki 69. Tankinta na cin lita 42. Tayoyin gaba ne ke jan motar, kuma tsakanin cikinta da ƙasa kamar santimita 14 ne kawai. Mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma, domin daɗin motar da wahalarta duk daga cikinsu suke fitowa.

Kafin taya ta juya

Darasin farko da sabon mai mota ke koya shi ne, kuɗin da dillali ya faɗa somin taɓi ne. In motar sabuwar shigowa ce, akwai kuɗin duwan. Sai takardar mallaka da ake kira «carte grise», sai lamba, sai binyet, sai asirans wanda doka ta wajabta domin haƙƙin wanda aka buge, sai bizit ta duba lafiyar mota, ga kuma parmi ga wanda bai da shi. Kowace takarda da ofishinta da layinta. Wanda ya zuba duk abin da ya tara cikin sayen motar, bai ware na takardu ba, yakan ajiye ta ƙofar gida makonni yana kallo, yana kuma ci gaba da hawan babur.

Tsadar kawo mota ma ta ƙaru. A ƙarshen watan Yuli 2023 aka rufe iyakar Nijar da Benin, kuma ko bayan da ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairu 2024, Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba a lokacin. Sai kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, cikin ayari, da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, kwanaki suka ƙaru, kuma duk abin da aka kashe a hanya bisa kan mai saye yake sauka.

Watan farko: amarci

Watan farko na murna ne, kuma murnar da dalilinta. Mutumin da ya saba isa ofis da ƙura a gira da zufa a baya, yanzu yakan isa da rigarsa fes. Yara uku na tafiya lakwal a zaune, maimakon a jera su bisa babur ɗaya, ƙaramin a kan tanki. Ƙaramar mota na juyawa a lungun da babbar mota sai ta yi gaba da baya sau uku, tana kuma samun wurin tsayawa a bakin kasuwa inda wata ba ta samu. Sitiyarinta ba nauyi, wanda ya koyi tuƙi jiya ma yana iya sarrafa ta. Wani abin da kan ba sabon mai Yaris mamaki shi ne agogon gudu, wanda aka sa a tsakiyar mota maimakon bayan sitiyari. Kwana biyu ko uku ido kan saba.

Akwai masu yi wa ƙaramar mota ba'a, suna ce mata motar mata ko akwatin ashana. Mai ita yakan yi dariya kawai in an je gidan mai. A watan Yuli 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar isansi daga tamma 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya. Da wannan farashi, cika tankin lita 42 na cin kusan jika 21. Mafi ƙanƙantar albashi da doka ta tsayar jika 42 ne. Ke nan cika tanki sau biyu daidai yake da albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, abin da ke nuna cewa ko ƙaramar mota ba ta kowa ba ce.

Mu yi lissafi tare. Takardar kamfani ta ce motar ba ta shan lita 6 a kilomita 100, amma wannan awo ne na hanyoyin Turai da yanayinsu. A nan, da cunkoso da rairayi da kilim a kunne, gwamma mutum ya ƙiyasta lita 7. Mu ɗauka yana yin kilomita 800 a wata, tsakanin gida da aiki da lakwal da kasuwa. Lita 56 ke nan, kimanin jika 28. Babbar mota mai shan lita 12 za ta ci lita 96, kusan jika 48. Babur mai shan lita 2,5 kuwa lita 20 zai sha, jika 10. To, ga inda magana take: wanda ya sauko daga babbar mota yana ganin ya sami sauƙin jika 20 a wata, wanda ya hau daga babur kuwa nauyin jika 18 ya ƙaru masa. Mota ɗaya ce, amma kowa da irin labarin da zai ba ka.

Samun man ma ba kullum yake da tabbas ba. Matatar SORAZ ta Damagaram, da ta fara aiki a ƙarshen 2011, an gina ta ne don tace ganga 20.000 a rana. Shekaru da dama man fasa-ƙwauri na Najeriya, wanda muke kira ruwa-ruwa, yana cike giɓi a garuruwan kudu. Da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu 2023, wannan hanya ta tsuke, buƙata ta koma kan gidajen mai. A watan Maris 2025 an ga dogayen layuka a Yamai da sauran birane. A irin waɗannan kwanaki mai ƙaramar mota ya fi kowa kwanciyar hankali, domin lita 10 na kai shi kwana biyar ko fiye. Amma ya yi hattara da man kwalba na bakin hanya: injin zamani na fesa mai ne ta ƙananan ƙofofi, ƙasa ko ruwa kaɗan na iya toshe su.

Wata na biyu: rairayi, ruwa da zafi

In aka sauka daga gudron aka shiga unguwa, nan motar ke tuna wa mai ita cewa don titunan Turai aka yi ta. Yawancin unguwanninmu rairayi ne, kuma manyan motoci sun haƙa masa layi biyu, sun bar tudu a tsakiya. Mota mai santimita 14 daga ƙasa takan hau wannan tudu da cikinta, tayoyin gaba su yi ta juyawa a banza. Sabon direba yakan ƙara taka totur, sai motar ta ƙara nutsewa, ambireyaj ya soma wari. Waɗanda suka ƙware sun san dabara: a shiga rairayi da giya ta biyu, da gudu madaidaici, kada a tsaya a tsakiya, a kuma sa taya ɗaya bisa tudu maimakon bin ramin da wasu suka haƙa. In ta kafe, a rage iskar taya kaɗan, a yashe rairayin gaba, a kira yaran unguwa. Sauƙin abin, mota mai tan ɗaya mutum uku na iya tura ta.

Ruwa ya fi rairayi haɗari. Damina ta 2024 ta nuna wa kowa haka, lokacin da ambaliya ta hallaka ɗaruruwan mutane a faɗin ƙasa, ta yanke hanyoyin fita Yamai a watan Agusta, ta kuma yi ɓarna mai yawa a Maraɗi. Bakin da inji ke shaƙar iska a ƙaramar mota ba shi da nisa da ƙasa. In ya zuƙi ruwa, ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai ƙarfen da kanikawa ke kira biyel ya lanƙwashe, inji ya tashi aiki nan take. Gyaran wannan na iya kai wa ga sayen wani inji. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce, ruwan da ya haura tsakiyar taya a bar shi ya wuce. In kuma motar ta mutu cikin ruwa, kada a sake murɗa makulli, a tura ta waje a kira bakanike.

Sai zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke kai 45, kilim ya zama larura. Amma inji mai doki 69 na jin nauyin kilim ƙwarai: motar kan yi sanyin jiki wajen tashi, shan mai kuma ya ƙaru. Zafi na rage kwanan batir, yana busar da robobi, yana fasa tiyo. Akwai al'adu biyu da ke kashe irin wannan inji a hankali. Ta farko, zuba ruwan famfo a radiyato maimakon ruwan sanyaya inji na musamman; ruwan famfo na kawo tsatsa da gishiri, ya toshe ƙananan hanyoyi, wata rana inji ya tafasa. Ta biyu, cire abin da ake kira «thermostat» da sunan wai ƙasarmu zafi gare ta. Injin zamani na da ma'aunin zafin da aka tsara masa, in bai kai shi ba sai ya yi ta shan mai fiye da kima.

Ranar farko a gareji

Mai hankali ba ya jiran mota ta lalace kafin ya kai ta gareji, rigakafi ya fi magani. Tun makon farko ya kamata a yi bidanj, a canza man inji, wanda bai wuce kamar lita 3 ba, da filtar mai da ta iska, a duba birki da ruwan birki. A Turai akan yi kilomita 15.000 kafin a sake bidanj. A ƙasar ƙura kamar tamu kanikawa kan ba da shawarar 5.000, filtar iska kuma a riƙa kakkaɓe ta a kai a kai lokacin hunturu. Wani abin da ke faranta ran mai Yaris shi ne, sarƙa ce ke juya saman injinta, ba bel ɗin roba da ake canzawa lokaci lokaci ba.

A wannan rana ce kuma asirin mota ke tonuwa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020, ta ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da motocin hannu miliyon 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Rahoton ya nuna cewa da dama na isowa an cire musu wasu kaya masu daraja. Wanda aka fi cirewa shi ne «catalyseur», akwatin da ke tace hayaƙi a cikin salansa, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Haka kuma wani bincike da aka yi wa Majalisar Dokokin Turai ya ƙiyasta cewa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na motocin hannu da ke tsallaka iyaka tsakanin ƙasashen Turai an mayar da agogon kilomitarsu baya. In haka abin yake tsakaninsu, ina ga wadda ta tsallako teku? Saboda haka kada mai saye ya yarda da agogo kawai. Ya dubi yadda sitiyari ya goge, da robar birki, da kujerar direba, su ne shaidun da ba su ƙarya.

Taya ma abin dubawa ce. Motoci da yawa na zuwa da tayoyin sanyi, masu alamar dusar ƙanƙara a jiki, waɗanda robarsu mai laushi ce, gudron mai zafi na cinye ta da sauri. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2315 na nufin mako na 23 na shekarar 2015. Taya mai shekara goma, ko zanenta na da kyau, ba abin dogara ba ce a doguwar hanya.

Zaɓen bakanike na da muhimmanci kamar zaɓen motar kanta. Wanda ya ƙware da Peugeot 504 ta kunne da ido ba lalle ne ya san motar da kwamfuta ke sarrafa injinta ba. Tun 2001 motocin isansi na Turai ke da wurin da ake jona na'urar bincike, ta faɗi inda ciwo yake. Garejin da ke da wannan na'ura, da mai iya karanta ta, ya fi wanda zai yi ta canza kaya har a dace. Wasu Yaris na Turai na zuwa da wata irin giya mai canza kanta da ake kira MMT, wadda gyaranta ke buƙatar na'ura da sani; wanda ke zaune nesa da manyan garuruwa ya fi samun sauƙi da giyar hannu. Kayan gyara dai na samuwa, na hannu da sababbi, mutanen Maraɗi da Damagaram kuma na da Kano kusa. Sai dai jabu sun yi yawa, musamman filta da buji da takalmin birki, kuma araha ba ta ado.

Wata na uku: motar gida ko ta unguwa?

Akwai wani nauyi da ba a rubuta shi cikin takardar kamfani ba. A ƙasarmu wanda ya sayi mota ya saya wa dangi da maƙwabta. Naƙuda ta tashi da tsakar dare, ƙofarsa za a buga. Jana'iza, ɗaurin aure, suna, rakiyar alhazai zuwa filin jirgi, duk da shi. Wannan zumunci ne, kuma yana cikin abin da ke riƙe da mu. Amma motar na da iyakarta. Abin da aka yarda ta ɗauka, mutane da kaya, bai wuce kilo ɗari huɗu da ƴan kai ba. Manya biyar masu kilo 70 sun kai 350. A ɗora buhun hatsi mai kilo 100 a baya, an cika ma'auni ko an wuce. Sai bayan mota ya zauna, santimita 14 ɗin nan su ragu, kowane tudun rage gudu ya daki salansa, amortisa su mutu kafin lokacinsu, birki kuma ya ƙara nisan tsayawa. Sabon mai mota na koyon wani ilimi mai wuya a wannan wata: yadda zai ce wa babba mota ta cika, ba tare da ya ɓata zumunci ba.

A wata na uku ne kuma galibi akan yi tafiyar farko zuwa gida, a nuna wa iyaye abin da aka samu, su sa albarka. Daga Yamai zuwa Maraɗi kimanin kilomita 660 ne, zuwa Damagaram kusan 900. A kan gudron mai kyau ƙaramar mota na shan mai ƙasa da yadda take sha a gari, amma hankali bai yarda a dogara ga tanki ɗaya ba, a ƙara mai a Doso ko Ƙonni. Wahalarta na fitowa wajen wuce kamiyo: da mutum biyar da kaya da kilim, injin na buƙatar fili mai tsawo kafin ya tsallake tirela. Direba ya sauko giya, ya kashe kilim, in bai ga hanya sarai ba ya haƙura. Iskar babbar bas in ta gifta takan girgiza motar. Ramin da kat-kat za ta taka ta wuce na iya fasa ƙaramar taya ya lanƙwasa ƙarfenta. Tafiyar dare kuwa, da dabbobi da amalanke marasa fitila, gwamma a bar ta.

Maganar rai

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutane miliyon 1,19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba in aka auna da yawan jama'a, da mutum 19 cikin kowane 100.000. Wanda ya bar babur ya shiga mota ya ƙara wa kansa da iyalinsa kariya, babu shakka. Samfurin Yaris da muke magana a kai ya sami tauraro biyar wajen kare manya a gwajin Euro NCAP na 2005. Amma wancan gwaji an yi shi ne da sabuwar mota mai cikakkun kayanta, an kuma ɗaura bel. Motar da ta shekara goma sha biyar, wataƙila ta taɓa haɗari an buga mata fenti, ba ta da tabbacin wannan daraja. Fitilar jakar iska, wadda ake kira «airbag», ya kamata ta kama in an murɗa makulli, ta mutu bayan ƴan daƙiƙu. In ba ta kama ba sam, ko ta ƙi mutuwa, akwai magana.

Akwai kuma batun jakunkunan iska na kamfanin Takata, wanda ya karye a 2017. An gano cewa sinadarin da ke hura su na lalacewa da zafi da laima, har ya tarwatsa ƙarfe a fuskar mutum. Kamfanonin mota da yawa sun kira motoci domin a canza, adadin jakunkunan ya kai kusan miliyon 100 a duniya, wasu samfuran Yaris na ciki. Wasiƙar kira kan je wa mai mota a Turai, ba ta biyo motar zuwa Tawa. Mai ita na iya ɗaukar lambar jikin motar mai haruffa da lambobi 17, ya tambayi wakilin kamfani ko ya duba ta intanet.

Sabuwa ƴar Indiya ko tsohuwa ƴar Turai?

Wata hanya ta buɗe a shekarun nan: ƙananan motoci sababbi da ake ƙerawa a Indiya, musamman na Suzuki. Bayan da Kodibuwa ta hana shigo da ƙananan motocin da suka wuce shekara biyar a 2018, Suzuki Alto ta cika titunan Abijan. Sabuwar Starlet da Toyota ta fitar a Afirka a 2020, da sabuwar Vitz ta 2023, duka ƙirar Suzuki ce ta Indiya da aka sa wa tambarin Toyota. Amfanin sabuwa a fili yake: babu wanda ya taɓa agogonta, akwai garanti, an kuma yi ta domin ƙasa mai zafi da ramuka, har wata mai suna S-Presso na da santimita 18 daga ƙasa. Amma kuɗinta ya fi, kuma ba duka ke da kariya iri ɗaya ba: Alto 800 marar jakar iska ba ta sami tauraro ko ɗaya ba a gwajin Global NCAP na 2014. Mai saye ya tambayi jakar iska nawa ke ciki, da ko akwai birkin ABS, kafin ya tambayi launi.

To, bayan wata uku, mene ne hukunci? Ga wanda zirga-zirgarsa cikin gari take, gidansa ba nisa da gudron, iyalinsa ba su wuce biyar ba, ƙaramar mota ta biya buƙata, in har ya ware wani abu kowane wata domin gyara, ya kuma ajiye na asirans da binyet tun kafin lokacinsu. Ga wanda ke zuwa gona ko ƙauye kowane mako bisa hanyar rairayi, ko mai ɗaukar kaya, sayenta zaluntar kai ne da zaluntar mota. Daidai ruwa daidai tsaki.

Su ma hukumomi da nasu aikin. Ya kamata bizit ta zama dubawa ta gaskiya, a gwada birki da fitila da taya, a daina mayar da ita sayen takarda. Magadan gari su kula da magudanan ruwa da tsayin tudun rage gudu, wanda a wasu unguwanni kowa ke ginawa yadda ya ga dama. Makarantun koyon sana'a kuma su horar da matasan kanikawa kan injin zamani, domin motocin da ke shigowa yau ba a gyara su da guduma. Masu karatu da suka sayi irin wannan mota, muna jiran wasiƙunku kan abin da kuka gani a watanninku na farko. Allah ya kiyaye hanya.